Noman Lambu na Kasuwanci a Kenya: Tambayoyi da Amsoshi kan Masu Riƙe da Akalarsa

Wanda ya leƙa sashen dakon kaya na filin jirgin sama na Jomo Kenyatta a Nairobi da daddare zai tarar da motoci masu sanyi sun yi layi suna sauke kwalaye. Yawancin kwalayen fure ne a ciki, sai koren wake da 'ya'yan itatuwa. Shekara sittin da suka wuce wannan sana'a ba ta taka kara ta karya ba. Yau tana cikin manyan hanyoyin da Kenya ke samun kuɗin waje, kafaɗa da kafaɗa da ganyen shayi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Me ake nufi da noman lambu na kasuwanci, kuma yaya girmansa a Kenya?

Abu uku ya ƙunsa: furanni, kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, waɗanda aka noma don sayarwa. A Kenya harkar kashi biyu ce da ba su cika haɗuwa ba. Akwai ta fitarwa waje, wadda a shekarun nan takan kawo wajen shilin biliyan 150 a shekara, kuma fure ne ke ɗauke da kaso mafi tsoka na kuɗin. Akwai kuma ta cikin gida, wadda ke cinye fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ake nomawa in aka bi ta nauyi. Ta farkon ce ke shiga jarida, ta biyun ce ke ciyar da mutanen Nairobi da Mombasa.

Yaya aka fara?

Abubuwa da dama ne suka haɗu, kuma ba gwamnati ce ta tsara yawancinsu ba. A ƙarshen shekarun 1960 wani kamfanin Danmak mai suna DCK ya zuba jari a noman fure, gonarsa ce daga baya ta koma Sulmac. A 1969 wani mutumin Holan, Hans Zwager, ya kafa gonar Oserian a bakin tafkin Naivasha. Da kayan lambu ya fara, sai a farkon shekarun 1980 ya juya ga fure.

Masu yawon buɗe ido ma sun taimaka ba tare da sun sani ba. Jiragen da ke kawo su kallon namun daji suna komawa Turai da sarari a cikinsu, sai 'yan kasuwa suka riƙa cika wannan sarari da kaya. Sannan a 1972 Idi Amin ya kori Indiyawa daga Yuganda, dubbai suka koma Birtaniya, suka tashi da neman kuɓewa da barkono da karela (wani kayan lambu mai ɗaci) irin waɗanda suka saba ci. 'Yan kasuwa Indiyawan Kenya, da ke da dangi a Landan, su suka cike gurbin. Koren wake, wanda 'yan Kenya ke kira mishiri, ya biyo baya zuwa Faransa da Birtaniya.

Wani abu da ake yawan mantawa: gwamnati ta kafa hukumar bunƙasa noman lambu, HCDA, a 1967, amma ba ta mayar da ita mai saye ita kaɗai ba, yadda hukumomin gwamnati suka riƙe wuyan kofi da masara. A ganina wannan sakin mara ya fi kowane tallafi amfani ga harkar.

Me ya sa aka fi jin sunan Naivasha?

Tafki ne na ruwan daɗi a cikin kwarin Rift, a tudun da ya kai kusan mita 1,900, kilomita 90 daga Nairobi. Rana tana nan kusan awa goma sha biyu duk shekara, dare kuma da sanyi, abin da wardi ke so ke nan don ya yi kai mai girma da kara mai ƙarfi. Manomin Holan sai ya ƙona iskar gas ya ɗumama rumfar gilashi ya kunna fitilu kafin ya sami abin da manomin Naivasha ke samu kyauta a ƙarƙashin rumfar leda.

Yanzu dai ba Naivasha kaɗai ba ce. Gonaki sun bazu zuwa Timau da Nanyuki a gindin Dutsen Kenya, da Thika, Athi River, Nakuru da Eldoret. Inda tudu ya fi tsawo, furen ya fi girman kai, ya fi kuma tsada.

Su wa ke riƙe da harkar fitarwa?

A ɓangaren fure, manyan gonaki ne da matsakaita, na 'yan ƙasa da na baƙi. Rumfar leda, famfon ɗiga ruwa, ɗakin sanyi, duk kuɗi ne masu nauyi. Ga kuma kuɗin mai iri: Kenya ta shiga yarjejeniyar UPOV ta kare haƙƙin masu ƙirƙiro iri a 1999, don haka duk wanda ya dasa sabon nau'in wardi sai ya biya kamfanin da ya samar da shi, galibi a Turai. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A ɓangaren kayan lambu, kamfanoni kaɗan ne ke fitar da kaso mafi tsoka, irin su Vegpro, Sunripe, da Homegrown wanda ya rikiɗe ya zama Flamingo. Suna da gonakinsu, da rumbunan tsara kaya kusa da filin jirgi, wasu har da kamfanin dakonsu da ofishin sayarwa a Birtaniya. Abarba kuwa Del Monte ce a Thika, Kakuzi kuma ta yi suna da avokado, wato piya.

Girma ba ya hana faɗuwa. Kamfanin Karuturi na Indiya ya sayi gonar Sher a Naivasha a 2007, ya shiga sahun mafiya girman masu noman wardi a duniya. Zuwa 2014 bashi ya ci shi, aka damƙa gonar ga masu karɓar bashi, dubban ma'aikata suka rasa madafa.

An ce da can ƙananan manoma ne suka fi noma kayan da ake fitarwa. Me ya faru?

Nan ne babban sauyin yake, kuma daga kantunan Birtaniya ya taso, ba daga gonakin Kenya ba.

Har zuwa ƙarshen shekarun 1980 hanyar mai sauƙi ce. Ɗan kasuwa ya ɗauki motarsa ya zagaya ƙauyukan Kirinyaga ko Meru ko Machakos, ya sayi wake a bakin hanya, ya zuba a kwali, ya aika wa dillali a babbar kasuwar sari ta Landan. Ba wanda ke tambayar gonar wa aka tsinko shi. A 1990 Birtaniya ta yi dokar lafiyar abinci da ta ɗora wa mai sayarwa alhakin nuna cewa ya yi iya ƙoƙarinsa wajen tabbatar da ingancin abin da ya sa a kanta. A daidai lokacin kuma manyan kantuna irin su Tesco, Sainsbury's da Marks & Spencer suka ƙwace cinikin ɗanyen kaya daga hannun masu tebur. Kantunan kuwa ba sa son zuwa kasuwar sari. Mai kawo kaya ɗaya ko biyu suke so, wanda zai kawo adadi kaza kowane mako, rani da damina, ya kuma iya faɗin gonar da kowane kwali ya fito. A 1997 kantunan Turai suka haɗu suka fitar da ƙa'idar ingancin noma ta EurepGAP, wadda aka sauya wa suna zuwa GlobalGAP a 2007.

Ka duba abin da wannan ke nufi ga mai rabin eka. Sai ya ajiye littafin da yake rubuta kowane feshi: wane magani, nawa, yaushe, wa ya yi. Sai ya gina ɗakin ajiye magani mai kulle, da banɗaki da wurin wanke hannu kusa da gona, da rumfar tsince kaya mai daɓen siminti, da ɗan ɗakin sanyi, ko da irin na gawayin da ake jiƙawa da ruwa ne. Sai an gwada ruwan da yake ban-ruwa da shi. Duk shekara kuma mai bincike zai zo, kuma ba kyauta yake zuwa ba. Kuɗin da babbar gona za ta raba a kan tan dubu, shi a kan 'yan kwanduna zai raba.

Kamfanonin fitarwa suka yi lissafi suka ga ya fi musu sauƙi su noma da kansu, ko su saya daga manyan gonaki, da su bi sawun manoma dubu. Catherine Dolan da John Humphrey, a binciken da suka wallafa a 2000, sun kawo cewa a 1992 kusan kashi 75 cikin 100 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwan da ake fitarwa daga ƙananan manoma suke, amma zuwa 1998 huɗu daga cikin manyan kamfanonin kashi 18 kacal suke saye a hannunsu.

Aikin ma ya ƙaura. Kantunan suka fara son wake da aka yanke kai da gindi, aka wanke, aka jera a faranti, aka rufe da leda, aka manna farashi da fam tun daga Nairobi. Ribar ta koma rumbun tsara kaya, kuma 'ya'yan manoma da yawa can suka koma a matsayin 'yan ƙwadago.

To ƙaramin manomi ya fita ke nan?

Bai fita ba, matsayinsa ne ya sauya. Wanda ya rage yawanci a ƙungiya yake, an ba su takardar shaida ta haɗin gwiwa, suna noma wa kamfani bisa kwangila. Kamfani ya ba da iri da magani bashi, ya turo malamin gona, ya sayi amfanin a farashin da aka yanke tun farko.

Rigimar wannan tsari ba ta ƙarewa. Idan kaya ya yi tsada, dillali ya biyo dare da kuɗi a hannu, manomi ya sayar masa ya bar kamfani da bashi. Idan kaya ya yi yawa, kamfani ya tsananta tsincewa, ya ce wannan ya lanƙwashe, wancan ya yi kauri, ya mayar wa manomi da tulin waken da kasuwar gida ba ta damu da shi ba. Kowa na da gaskiyarsa, amma wanda kayansa ke yanƙwanewa cikin kwana biyu shi ne a ƙasa.

Avokado ne ya sake buɗe wa manoman ƙofa. Itace ne, ba ya son feshi kamar wake, kuma yawancin na Kenya a gonakin ƙananan manoma yake, musamman a Murang'a. An sare tsofaffin nau'o'i da yawa an yi musu aure da nau'in Hass da Turai ke so. A 2022 Kenya ta fara aika ɗanyensa zuwa Sin. Cikas ɗinsa gaggawa ce: dillalai kan tsinke shi bai ƙosa ba, ya isa Turai ya ƙi nuna, sunan ƙasar ya ɓaci. Shi ya sa hukuma ke rufe fitar da shi ta ruwa na wasu watanni kusan kowace shekara.

Yaya fure ke tashi daga gona ya isa hannun mai saye?

Da safe ake yanka, a tsoma a bokitin ruwa nan take, a garzaya da shi ɗakin sanyi. Daga nan sai teburin tsincewa, inda mata ke ware shi bisa tsawon kara da buɗewar kai, su ɗaure dami-dami, su naɗe kawunan da kwali. A jera a akwati, a loda a mota mai sanyi zuwa Nairobi. Jirgi ya tashi da dare, ya yi awa takwas zuwa tara. Cikin kwana biyu ko uku da yanka, furen na kanti. Duk awar da ya yi cikin zafi a hanya, daga kwanakin da zai yi a tulun mai saye ake cire ta.

A Holan akwai gwanjon fure na Royal FloraHolland, wanda babbar cibiyarsa ke Aalsmeer. Gwanjon nasu a juye yake: farashi daga sama yake farawa yana gangarowa a kan wani agogo, wanda ya riga danna maɓalli shi ya saya. Ka yi saurin dannawa ka biya da tsada, ka yi jinkiri wani ya ɗauke. Yanzu yawancin masu sayen a gaban kwamfuta suke, ba sa ma ganin furen. Kuma gonaki da yawa sun rage dogaro da gwanjo, suna sayar wa manyan kantuna kai tsaye a farashin da aka tsayar na tsawon lokaci. Hankali ya fi kwanciya, sai dai mai kanti ne ke da ta cewa.

Ina gwamnati a ciki?

HCDA ta narke cikin hukumar noma da abinci ta AFA bayan dokokin noma na 2013, kuma AFA ce ke ba da lasisin fitarwa. KEPHIS, da aka kafa a 1996, ita ke duba kaya ta ba da takardar lafiyar tsiro. 'Yan kasuwa na da ƙungiyoyinsu: FPEAK ta masu fitar da ɗanyen kaya tun 1975, sai Majalisar Furanni ta Kenya tun 1996. Kukansu ga gwamnati kusan ɗaya ne kullum: jinkirin mayar musu da harajin VAT, da harajin da gundumomi ke karɓa a kan hanya tun da aka raba mulki zuwa gundumomi 47 a 2013.

Me ya sa tsutsa guda kan tayar da hankalin harkar gaba ɗaya?

Saboda a tashar shiga Turai, tsutsa ɗaya ta isa a ƙi kaya duka. Wadda ta fi damun masu wardi ita ce ta wani ƙwaro mai tashi da dare da ake kira FCM, tana ɓuya a cikin kan furen. Tarayyar Turai ta sa shi cikin ƙwarin da ba ta yarda su shigo ba, ta riƙa ƙara yawan kwalayen da ake buɗewa, kuma daga Afrilun 2025 ta wajabta wa gonaki wani tsari na musamman na yaƙi da shi tun daga rumfa.

Manomi yana tsaka mai wuya: bai yi feshi ba a kama shi da tsutsa, ya yi feshi a kama shi da ragowar magani. A Janairun 2013 Turai ta ɗaga binciken waken Kenya zuwa kashi 10 cikin 100 na kaya saboda ragowar magani, kuma ƙananan manoma ne kamfanoni suka fara sallama. Mangwaro kuwa, Kenya da kanta ta dakatar da kai shi Turai a 2014 saboda ƙudan 'ya'yan itace, ba ta koma ba sai 2021.

Kayan Kenya na biyan haraji kafin su shiga Turai?

A'a, amma an taɓa ɗanɗana. Kenya ba ta cikin jerin ƙasashe mafiya talauci da ke shiga kyauta ba da sharaɗi ba, ita sai da yarjejeniya. Da aka yi jinkirin sa hannu a 2014, kayanta suka fara biyan haraji daga Oktoba zuwa ƙarshen Disamba, alhali na Habasha na wucewa kyauta. An sa hannu kan yarjejeniya da Birtaniya a Disambar 2020, da Tarayyar Turai kuma a Disambar 2023, ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2024.

Wane lokaci harkar ta fi jin jiki?

A Afrilun 2010 wani dutse mai aman wuta a Aisland ya turnuƙe sararin Turai da toka, jirage suka tsaya kusan mako guda. Gonaki suka riƙa zubar da wardi a ramin taki, aka tura dubban ma'aikata gida. A Maris na 2020 korona ta maimaita abin, har ta fi: gwanjon Holan ya rushe, jiragen fasinja suka daina tashi, kuɗin dako ya yi tashin gwauron zabi. Fure ba ya jira, ko an saya ko ba a saya ba sai an yanke shi kullum.

Gaskiya ne gonakin fure na cutar ma'aikata da tafkin?

Zargin yana da tushe, kodayake ba duka gonaki ba ne, kuma abubuwa sun sauya. Harkar fure na ɗauke da ma'aikata fiye da dubu ɗari, mafi yawansu mata. An daɗe ana kuka da ƙarancin albashi, da shiga rumfa magani bai lafa ba, da cin zarafin mata, da aikin wuce ƙa'ida gab da ranar masoya ta 14 ga Fabrairu. Matsin ƙungiyar ƙwadago ta KPAWU da takardun shaida irin na Fairtrade sun gyara abubuwa da yawa a manyan gonaki. Albashin dai har yanzu bai cika kai mutum ƙarshen wata ba, kuma unguwanni irin su Karagita, inda ma'aikata ke zaune a cunkushe, sun girma ba tare da magudanar ruwa ba.

Tafkin yana cikin jerin dausayin duniya na Ramsar tun 1995. A farin 2009 ya ja baya ƙwarai, aka ɗora wa gonaki laifi. Suna da nasu kason, amma sare daji da noma a tudun da ke shayar da shi, da ƙazantar gari, su ma suna ciki. A 2020 kuma tafkin ya cika ya tumbatsa har ya ci gidaje. Game da hayaƙin jirgi, wani bincike na Jami'ar Cranfield a 2007 ya gano cewa wardin Kenya, duk da tafiyar jirgi, bai kai na rumfar Holan mai ɗumi gurɓata iska ba.

Ita kasuwar cikin gida fa, ta sauya?

Kaɗan. Kabeji, tumatir, dankalin Turawa da ganyen sukuma wiki har yanzu ta hannun dillali suke bi zuwa kasuwar Wakulima, wadda aka fi sani da Marikiti, a Nairobi, ko Kongowea a Mombasa, daga nan su isa teburin mama mboga, wato mai sayar da kayan miya a unguwa. Ba ɗakin sanyi, ba littafin feshi, ba mai tambaya. Abin takaici ne a ce ƙasar da ke auna ragowar magani a waken da Bature zai ci ba ta cika auna na tumatirin da 'ya'yanta ke ci ba.

An yi zaton manyan kantunan gida za su kawo irin sauyin da na Birtaniya suka kawo, sai Nakumatt da Uchumi da Tuskys suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya da bashin masu kawo musu kaya. Dokar 2019 ta ce buhun dankali kada ya wuce kilo 50, don a hana dillalai ɗinka wa buhu ƙari su saye shi a kuɗin buhu ɗaya. Aiwatar da ita ya zama jan aiki.

Wa ke gogayya da Kenya, kuma ina aka dosa?

Habasha ce ta kusa. A farkon shekarun 2000 ta jawo masu jari da filaye masu araha da sassaucin haraji, har masu gonar Sher na asali suka koma garin Ziway. Kolombiya da Ekwado sun fi ƙarfi a kasuwar Amurka. Kenya na neman sababbin masu saye a ƙasashen Larabawa da Asiya don kada ta dogara da Turai kaɗai.

Babban abin da ake gwadawa yanzu shi ne jirgin ruwa. Avokado ya daɗe yana bi ta Mombasa. Fure ma an fara saka shi a kwantena mai sanyin da ya kusa daskarewa, ya yi barci wajen wata guda kafin ya isa Rotadam, kuma Majalisar Furanni ta sa burin rabin furen ƙasar ya bi ta ruwa nan da 2030. Sai ga hare-haren 'yan Huthi a Bahar Maliya daga ƙarshen 2023, jirage suka koma zagayawa ta ƙarshen kudancin Afirka, tafiya ta ƙara tsawo. An gudu daga tsadar jirgin sama an faɗa jinkirin na ruwa, gonaki da yawa suka mayar da furensu filin jirgin Nairobi. Kuma cika kwantena guda da fure a rana ɗaya ba aikin ƙaramar gona ba ne, sai dai ta haɗa kaya da wasu ko ta bi ta hannun babba.